Guɗar Kaka Ranar Haihuwa

Jama'a, ina yi muku barka da ƙoƙari, gama ba ƙaramin abu ba ne mutum da gemunsa ya zauna ya koyi baƙi da wasali, har ya iya ɗaukar takarda ya karanta da kansa. Tun da ya ke kun kai ga wannan, ina so yau mu yi magana a kan wani abu da ke cikin gidan kowannenmu, amma mu maza ba mu cika tsayawa mu dube shi ba. Watau murnar da tsohuwa ke yi ran da aka ce mata ta sami jika.

Kai mai karatu, tuna ran da aka yi maka haihuwar fari. Ina ka ke? Kana zaure, ko kuwa ka sulale ka tafi gona, kana yi kamar ba ka san abin da a ke ciki ba. Abokanka suna yi maka barka, kana amsawa ciki-ciki. Mai jego kuwa tana can ƙuryar ɗaki ta sunkuyar da kai, in aka miƙa mata jaririn gaban mutane sai ta kau da fuska. To, muryar wa aka ji ta tsaga unguwa? Ta tsohuwa ce. Ita ce ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, ita ce ta fito tsakar gida ta taka rawa, ba ta ko kula da ciwon gwiwar da ta kwana tana kuka da shi.

Mu mutanen ƙasar Daura bai kamata a koya mana girman kaka ba, domin labarin asalinmu ma labarin kaka ne da jikokinta. Kun san yadda magabata suka faɗa. Mata ne suka fara sarautar wannan ƙasa, ana ce da su Magajiya, har mulki ya zo hannun Daurama. A zamaninta baƙo ya zo daga gabas, watau Bayajida, ya sauka da dare gidan wata tsohuwa wai ita Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce masa ba a ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ran Jumma'a, saboda macijin da ke ciki. Ya je ya kashe macijin, Daurama ta aure shi, ta haifi Bawo. Bawo kuma ya haifi 'ya'ya shida: Gazaura ya yi Daura, Kumayau Katsina, Bagauda Kano, Gunguma Zazzau, Duma Gobir, Zamna Kogi Rano. Da aka haɗa da Biram ta Garun Gabas, sai suka cika Hausa Bakwai. Ku duba da kyau. Shida cikin bakwai ɗin nan jikokin mace guda ne. Malaman tarihi suna da gardamarsu bisa wannan labari, ni kuwa ba ita ta tara mu ba. Abin da na sani, rijiyar tana nan cikin birni, sarautar Magajiya tana nan a fada, gidan sarautar Daura kuma, gidan Sarki Abdurrahman da ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, da Sarki Muhammadu Bashar da ya bi shi har 2007, da Sarki Umar Faruk Umar da ya hau a wannan shekara, daga wannan tsatso ya ke ƙirga kansa.

To, me ya sa kaka ce kaɗai ke da ikon yin murna a fili? Wannan tambaya na daɗe ina juya ta, amsarta kuwa a gidanmu na same ta.

Ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. In za ta kira ni sai ta ce, "Kai, wannan yaro," ko kuwa ta aiki ƙanena ya kira ni, alhali ga ni tsaye gabanta. Ba ta taɓa ɗaukata gaban mutane ba. Da aka yaye ni, gidan kakata aka kai ni, can na girma, a bayanta na yi barci, daga bakinta na ji tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Da aka kai ni makaranta nesa da gida, na ga waɗansu yara 'yan wata ƙasa iyayensu mata suna rungumarsu gaban kowa, sai na riƙa zaton ko tawa uwar ba ta so na. Ashe alkunya ce, irin wadda aka gada, wadda ke hana mace ta nuna ɗan farinta ya dame ta. Yaro ba ya gane wannan, sai ya girma.

Da na yi aure matata ta sami ciki, aka kai ta goyon ciki gidan iyayenta, a wani ƙauye wajen Sandamu, kamar yadda a ke yi wa mai cikin fari. Ran da ta sauka, wani ƙanenta ya zo da sassafe, ya wuce ni a zaure, ya shiga cikin gida wurin mahaifiyata, ya ce, "Inna, albishirinki." Ta ce, "Goro." Ya ce, "Kin yi sabon ango." Jama'a, sai na ji wata irin guɗa wadda ban taɓa sanin tana cikin maƙogwaron wannan baiwar Allah ba. Na leƙa ta ƙofar zaure, na gan ta ta yar da muciya, tana rawa, hawaye na zuba. Ta kwance bakin zanenta, duk kuɗin da ta tara na cinikin daddawa ta juye wa yaron nan tukuici. Na koma na zauna. A nan na gane abin da ke nan. Ƙaunar da al'ada ta hana ta nuna mini shekara talatin ba ɓacewa ta yi ba, ajiye ta aka yi, kamar hatsi a rumbu, ran nan aka buɗe.

Al'adar da ta ɗaure uwa da uba, ita ce kuma ta kwance kaka. Tsakanin mutum da ɗansa kunya, tsakaninsa da jikansa wasa. Shi ya sa za ka ji tsohuwa tana ce da jariri namiji mijinta, tana yi masa gorin bai kawo cefane ba. In mace ce, sai ta ce an yi mata kishiya, ta leƙa fuskarta ta ce, "Dubi hancinta kamar an taka, da wannan za ki ƙwace mini miji?" Baƙon da bai san Hausa ba sai ya yi tsammani ƙiyayya ce. Mu kuwa mun san in tsohuwa ta kushe jariri, to, ya shiga ranta ke nan.

Amma kada ku ɗauka murnar ta tsaya ga guɗa da ba'a. Daga ran nan aiki ya hau kanta, aiki kuwa mai nauyi. Ita ke tsayawa tare da ungozoma a yanke cibiya, a binne mabiyiya a bayan ɗaki. Ita ke tashi tun kafin asuba ta hura wuta ƙarƙashin babbar tukunya, ta yi wa mai jego wanka da ganyen tsamiya ko na bedi, da maraice kuma ta sake, haka kullum har kwana 40. Ita ke gasa wa jariri cibiya, ta yi masa wanka, ta miƙe masa gaɓoɓi. Ita ke daka yaji, ta dama kunun kanwa, ta dafa kaurin da miji ya aiko bayan kwana uku ko huɗu. Ran suna kai kana waje kana rabon goro, kana taƙama da ragon da ka sayo a kasuwar Mai'adua, ita kuwa ta kwana ba ta runtsa ba. In jariri ya yi kuka tsakar dare, yarinyar da ta haife shi ba ta san abin da za ta yi ba, hannun tsohuwa ne ke karɓarsa. Kai da ka sayi itacen wanka kana ƙorafin tsadarsa, ka taɓa tambayar wa ke hura shi?

Saboda haka cikin kwanakin nan arba'in ba ka da sarauta a kan matarka da ɗanka. Sarautar ta kaka ce. Abin da ta ce a ba jariri shi za a ba shi, abin da ta hana ya hanu. A nan ne maganata ta ke da nauyi, gama rai biyu ne a hannunta, kuma akwai abubuwan da aka gano a zamanin nan waɗanda ita ba ta sami wanda zai gaya mata ba.

Ku ɗauki maganar nono. Nonon farko da ke zuwa bayan haihuwa, mai kauri, mai ruwan ɗorawa, wanda mu ke kira dakashi, tsofaffinmu da yawa sun ɗauka ƙazanta ne. Sai a matse a zubar, a riƙa ba jariri ruwa ko madarar dabba har nono ya yi fari. Likitoci sun bincika, sun tarar dakashin nan shi ne maganin farko da Allah ya tanadar wa jariri, cike ya ke da abin da ke tsare shi daga zawo da ciwon ƙirji. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwarsa, tun shekara ta 2001 kuma ta ce a bar shi a kan nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba shi. Na san wannan ta ruwa ita ce ke tayar da gardama. Tsohuwa za ta ce, "A zafin Daura za a hana ɗan mutum ruwa?" Ba ta yi wauta ba, tausayi ne. Sai dai shi nono mafi yawansa ruwa ne, tsabtatacce kuwa, na randa kuma ba mu san abin da ya faɗa ciki ba.

Haka kuma cibiya. Akwai wani ciwo da ke kama jariri cikin mako na farko ko na biyu, ya ƙulle masa baki ya kasa kama nono, jikinsa ya sandare, yana zabura. Da a kan ce iska ce ta taɓa shi, ko mayu. Yanzu an san ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga ta cibiya in an yanke ta da tsohuwar reza, ko an shafa mata abin da ba shi da tsabta. Maganinsa kuwa mai sauƙi ne: allurar da a ke yi wa mace wurin awon ciki, da sabuwar reza, da hannun da aka wanke da sabulu, da man cibiyar da a ke bayarwa a asibiti. Batun cire beli da wanzami ke yi shi ma likitoci ba su yarda da shi ba, saboda zubar jini da shigar cuta.

Sai babbar magana, ta wanka da kanwa. A Zariya waɗansu likitoci biyu, Davidson da Parry, sun lura mata masu jego suna yawan zuwa asibiti da ciwon zuciya. Suka bi mata fiye da 200, suka buga abin da suka gani a shekara ta 1978. Zatonsu shi ne yawan kanwa na tara ruwa a jiki, zafin wanka da kwanciya bisa gadon wuta kuma suna ƙara wa zuciya wahala. Likitocin da suka sake bin sawun maganar daga baya sun ce ba a nan kaɗai ta tsaya ba, hawan jini lokacin ciki da ramar uwa suna da hannu ƙwarai. Ni ba likita ba ne, akawu ne, aikina juya magana daga wannan harshe zuwa wancan, saboda haka ba zan yanke musu hukunci ba. Abin da duk suka haɗu a kai shi ne alamun ciwon: ƙafafu su kumbura, mace ta riƙa haki ko ba ta yi aikin komai ba, ga tari, in ta kwanta numfashi ya gagara sai ta tashi zaune. Wadda aka ga haka gare ta, asibiti za a kai ta, ran nan, ba gobe ba.

Wannan ban karanta shi a takarda kaɗai ba, ya same ni. Bayan suna da kamar mako biyu na je ƙauyen nan da maraice gaisuwa. Ka san yadda mu ke da surukai, na durƙusa daga nesa, na gaida surukata kaina a ƙasa. Da aka ba ni wuri na ga matata, sai na tarar ƙafafunta sun yi suntum, magana kaɗan sai ta tsaya ta huta. Na tambaye ta, ta ce Inna ta ce wanka ne bai ratsa ta ba, don haka an ƙara wuta, an ƙara kanwa a kunu. Gabana ya faɗi, gama na taɓa juya wata takardar likitoci zuwa Hausa, alamun nan kuwa duk suna ciki.

To, ƙaƙa zan yi? Zan ɗaga ido in ce da surukata ba ta iya jego ba, ita da ta haifi tara ta yi wa mata da yawa wanka? Na yi kuskuren da ɗan boko ya saba yi. Na aika mata da saƙo ta bakin ɗanta, wai likitoci sun hana kaza da kaza. Amsar da ta dawo mini gajeruwa ce. Ta ce a gaya wa malam akawu, da wannan kunu aka yi jegon matar da ya gani ya aura.

Na kwana ban yi barci ba. Da asuba na shiga wurin mahaifiyata, abin da ban saba yi ba. Na tsuguna bakin ƙofa, ita tana ciki ta ba ni baya. Ban ambaci likita ba, ban ambaci takarda ba. Na ce, "Inna, angonki na gani jiya, yana nan lafiya. Amma mai ba shi nono ba ta iya kwanciya, a zaune ta ke kwana." Ta yi shiru. Can sai ta ce, ba da ni ba, da bango, "Haka 'yar wance ta yi bara waccan, kwana takwas aka yi aka binne ta." Ta tashi ta ɗauki mayafi.

Abin da tsofaffin nan biyu suka faɗa wa juna cikin ɗaki ban ji ba. Kafin azahar dai ga su sun fito, ɗaya ta goya jariri, ɗaya ta riƙe mai jego, muka sami mota zuwa Daura. Aka ba ta gado, aka ba ta maganin da ke fitar da ruwa daga jiki, aka ce a dakatar da kanwa, wanka kuma a yi da ruwa mai ɗumi. Surukata ce da kanta ta tsaya a kan wannan doka, har wata maƙwabciya da ta kawo kunun kanwa don zumunci ta sha faɗa. Da tsohuwar zuma a ke magani, in ji masu iya magana. Abin da na kasa da karatuna duka, tsohuwa ta gama shi kafin rana ta take.

Ga abin da na ke so ka riƙe, kai da ka iya karatu yanzu. Takardar asibiti za ta zo hannunka, kai ne za ka karanta, amma ba kai ne za ka dama kunu ba. In ka shiga gida kana ɗaga takarda kana cewa tsofaffi jahilai ne, za a ce maka to, ka juya baya a ci gaba da abin da a ke yi. Ka tuna tsohuwar nan ta binne 'ya'ya, wataƙila biyu, wataƙila huɗu, ta fi ka sanin zafin abin, duk abin da ta ke yi kuwa don kada ta sake ganinsa ne. Ka je mata da goronta da turmin zanenta, gama ta ci su da guminta. Ka zauna ƙasa ka karanta mata sannu-sannu, kamar mai neman shawara. In surukarka ce, nemi wadda ta ke jin nauyinta, ko uwarka, ko yayarta, ko ungozomar da suka saba. Mafi kyau duka, tun ciki na ƙarami ka roƙe ta ta riƙa raka matarka awo, ta ji da kunnenta daga bakin mace 'yar'uwarta.

Akwai kuma wani aiki da za ka iya danƙa mata, ta riƙe shi fiye da kai, watau katin allurar riga-kafi. Ana fara yi wa jariri tun ranar haihuwa ko kusa da ita: ta tarin fuka, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan-inna a baki. Sa'an nan a koma yana da mako 6, da mako 10, da mako 14, ta ƙyanda kuma yana da wata 9. Ku lissafa mako shida, kwana 42 ke nan. Watau tsakanin ranar gama wanka da ranar komawa allura kwana biyu ne kawai. Mai jego za ta ci ado ta fita yawon arba'in gidajen dangi, sai a sa asibiti cikin gidajen da za ta shiga. Tsohuwa ba ta san kalanda ba, amma ba ta taɓa ɓata lissafin arba'in ba. Ku da kuka girma kuna ganin guragun da shan-inna ta bari a kowane gari, ku sani a shekara ta 2020 aka shaida cewa asalin wannan cuta mai yawo ta ƙare a Nijeriya da Afirka duka, ɗigon nan kuwa shi ya kore ta, shi ya sa har yanzu ba a daina ba da shi ba.

Na manta ban gaya muku sunan da aka raɗa wa yaron ba. Sunan mahaifina aka sa masa, wanda ya rasu tun ina makaranta. Kun ga ke nan mahaifiyata ta sake shiga wani ɗaurin, gama mace ba ta faɗin sunan mijinta. Ɗanta ba ta iya kiransa, jikanta ma ba ta iya kiransa. Sai ta sa masa Maigida, har yau kuwa da shi ya ke amsawa, ga shi ya fi ni tsawo.

Ran da aka dawo da su gidana bayan arba'in, na shigo da maraice na tarar da ita zaune bisa tabarma, ta ɗora shi a cinya. Na gaishe ta, ba ta dube ni ba, kamar kullum. Sai ta ɗaga yaron ta kai bakinta kusa da kunnensa, ta ce, da ƙarfi yadda zan ji, "Maigida, ka gaya wa ubanka ya rame. Ka ce masa akwai fura a ɗakina, na dama tun azahar, in ya ga dama ya je ya ɗauka."